Abin Da Ya Kellu Ta Shaƙa a Bayan Gida

Yau kwana tara cur wayar Rumaisa'u ba ta yi ƙara da sunan Babakura ba.

Kwana tara fa! Mutumin da a da gari ba ya gama wayewa sai ya kira ya ji yadda ta tashi, ya sake kira da azahar ya tambaya ko ta ci abinci, har takan yi masa tsiya ta ce ya ƙyale ta ta yi aiki, hannunta duk danƙon abarba ne. To, ga shi ya ƙyale ta ɗin.

Tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno a rumfar bayan gidansu da ke unguwar Lamisula, wuƙa a hannu, tulin abarba a gabanta. Ta jingina wayar da bokiti inda idonta zai kai. Duk abarbar da ta fere sai ta saci kallon wayar, ita kuwa tana nan shiru, ko saƙon kamfanin layi ba ya shigowa.

Wannan rumfa ita ce duniyar Rumaisa'u. Mahaifinta Bakano ne, fatauci ya kawo shi Maiduguri tun kafin a haife ta, a nan kuma ya rasu shekara biyar da suka wuce, ya bar ta da Umma da ƙannenta mata biyu, ba gona ba shago. Wata rana ta je kasuwa sayen kayan miya ta tarar ana sauke motar abarba daga kudu. Kwana huɗu motar ta yi a hanya, ta iso cikin zafin nan na Maiduguri mai narka kwalta. Masu kaya suna ta ware waɗanda suka yi laushi suna jibgewa gefe, wai ba mai saye. Ta daɗe tsaye tana kallo, zuciyarta tana ce mata wannan ai ba shara ba ce. Da ɗan injin markaɗen Umma na kicin ta fara.

Yanzu kuwa abarba ɗaya in ta shigo gidan nan ba ta fita sai ta zama abu huɗu. Mai laushi a matse ta a tace, a ɗura lemo a gora a jera a firiza. Mai ɗan ƙarfi a yanka ta fale-fale a shanya a ƙarƙashin raga, ranar garin nan ta busar da ita kyauta, a ƙulla a leda a kai shaguna, ta yi watanni ba ta lalace ba. Abin da ya rage a rariya masu kiwon raguna daga Kasuwar Shanu ke zuwa su kwashe. Ɓawon kuma, wanda kowa ke zubarwa, shi ne abin alfaharinta. Sai ta jiƙa shi a duro da ruwa da sukari, ta rufe da farin ƙyalle, bayan mako biyar ya zama ruwan khal mai kyau, irin wanda mata ke nema don haɗa salak da wanke ganye. Abarbar da dillali zai yi murna a ɗauke masa ita a kan kuɗin goro, ita ce ke ciyar da gidansu, ta kuma ciyar da gidajen mata uku da ke yi mata aiki.

Duro ukun da take jiƙa ɓawon a ciki, su suka ja mata.

Shekararta biyu da Babakura. Shi ne ya zo ya kafa mata sola lokacin da garin ya daɗe ba wuta, lemonta yana lalacewa a firiza, daga nan ya riƙa ƙirƙiro dalilin dawowa duba batir ɗin da lafiyarsa ƙalau. Mutum ne mai sanyi da kunya, ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Sanyin nan nasa shi ta so, ba ta san akwai ranar da zai zame mata ciwo ba.

Shi ma maraya ne. Gwaggonsa Ya Kellu, yayar mahaifinsa, ita ta raine shi, ita ce kuma in ta yi magana a danginsu ko maza sai sun sunkuyar da kai. Tun farko ta ce ba ta ga abin da ya rasa a 'yan matan Barebari ba da zai je ya ɗauko 'yar Afuno, wato Bahaushiya, mai sayar da lemo a gora. Shekara guda ya yi yana lallashi kafin ta yarda za ta je ta ga gidan da idonta, in ya yi mata sai a kai goron tambaya.

Ba ta faɗi ranar zuwanta ba. Sai ga ta wata Litinin da azahar cikin lafaya ruwan toka, ƙamshin humrarta ya riga ta shiga zaure. Umma ta rikice da murna, ta shimfiɗa sabuwar darduma, aka kawo ruwan sanyi da dabino. Rumaisa'u ta durƙusa ta gaishe ta da ɗan Barbarcin da ta iya. Tsohuwar ta kama hannunta ta juya, ta ga yadda ruwan abarba ya cinye mata fatar yatsu, ta girgiza kai, amma ta yi murmushi. Wallahi har murmushi ta yi. Komai yana tafiya daidai, sai ta ce a nuna mata wurin alwala.

Hanyar wurin alwala ta gaban rumfa take bi. A daidai lokacin Phebe, babbar ma'aikaciyar Rumaisa'u, ta yaye ƙyallen duron tsakiya tana juyawa da muciya. Kwanansa shida da jiƙawa. Duk wanda ya san aikin ya san a makon farko ne ɓawon ke kumfa da kansa yana fitar da wani wari mai hawa kai, kafin ya juye ya koma tsami. Da a ce bayan mako uku ta zo, tsami kawai za ta ji.

Ya Kellu ta tsaya cak. Ta shaƙa. Ta dubi kumfar, ta dubi muciyar, ta dubi Phebe da 'yar sarƙar gicciyen da ke wuyanta. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta dire butar da ke hannunta a ƙasa, ta ja lafaya ta rufe hanci, ta fice ko sallama babu. Umma ta bi ta har ƙofar gida da takalmi wari ɗaya tana tambayar ko lafiya, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Kafin la'asar ɗin washegari magana ta zaga unguwa: gidan Kanawan nan giya ake dafawa a bayan gida, har da mai burkutu suka ɗauko takanas.

Kai, mutane! Matan da suka shekara huɗu suna sayen khal ɗin nan suna yabawa, su ne yanzu ke cewa dama sun daɗe suna jin wani irin wari. Makarantar da take kai wa lemo kullum ta aiko a dakata tukuna. Wata mai taron suna ranar Asabar ta fasa sayen lemon. Maƙwabciyarsu da ke karɓar ɓawo tana sa wa zoɓo ta daina leƙowa, in sun haɗu a hanya sai ta kama gyaran mayafi. Biyu daga cikin ma'aikatanta mazajensu suka hana su zuwa. Rumfar da a da hira da dariya ba sa barin a ji ƙarar inji, yanzu daga ita sai Phebe sai ƙudaje.

Duk wannan mai sauƙi ne in da Babakura ya kira. Ta neme shi sau uku a kwana biyun farko bai ɗauka ba, sai ta haƙura. Ƙawayenta duk sun yi aure, wasu suna Kano wasu Abuja, ba wadda za ta kira ta kama ba ta wannan labarin tun daga tushe. Sai ta koma yi masa magana a zuci tana fere abarba, tana yi masa bayani dalla-dalla, shi kuma yana gyaɗa kai yana cewa ai ya sani. In ta ɗago ta ga ba kowa, sai kaɗaicin ya rufe ta, ta sunkuya ta ci gaba da aiki.

Da hantsin ranar ta tara Phebe ta ajiye wuƙa ta goge hannu a zaninta. Mace ce mai shekara arba'in da ɗoriya daga kudancin Borno, tashin hankali ya kore ta daga ƙauyensu ya kuma cinye mijinta, da aikin rumfar nan take riƙe 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya.

"Anti, na yi tunani," in ji ta. "Gobe ba zan zo ba."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Ni suka gani, ba duro ba. In na tafi sai ki ce kin kore ni, ki ce ba ki san abin da nake yi ba. Za su yarda. Ki yi aurenki."

Rumaisa'u ta ji idonta ya cika. "Ni na koya miki aikin nan, Phebe. Ni na ce ki juya shi ranar. Sannan in buɗe baki in ce ban sani ba? 'Ya'yanki fa, me za su ci?"

"Allah yana nan."

"To, a rumfar nan ma yana nan. Ɗauki wuƙarki."

Phebe ta ɗauka. Suka ci gaba da aiki kowace ta fuskanci tulinta, kowace tana share ido da bayan hannu don kada ɗayar ta gani.

Bayan azahar sai ga Abdulmutallib. Shi ne dillalin da ke sayar mata da abarba, shi ne kuma ya riga ya je wurin Baffa Sa'id, ƙanin mahaifinta, har sau biyu neman izinin aurenta tana cewa a'a. Ya tsaya a zaure yana kaɗa makullin mota, ya ce ya ji abin da ya faru, ya ce samarin yanzu ba su san darajar mace mai sana'a ba. Shi in aka ba shi ita, gobe-goben nan zai kwashe injinanta ya kai babban sitonsa, ya ƙaro wasu, duk abarbar da ke ruɓe masa a mota ta zama kuɗi. Ya yi ta zuba a kan firiza da gora da raga, tun da ya fara bai ko dubi fuskarta ba.

Da zai tafi ya rage murya. "Ni fa ban damu da abin da ke cikin duron ba. Ko ma mene ne, a dai riƙa rufewa da kyau."

Ashe har shi ma ya yarda giya ce. Ta ce masa ya gaida gida.

Umma tana bayan labule, komai a kunnenta. Ta kira ta ɗaki ta ce ta zauna. Ta daɗe tana murza carbi kafin ta fara, ta ce Baffa Sa'id ya bugo, ya ce shi ya gaji da juya mutum mai mutunci a kan wanda ko waya ba ya ɗauka. Ta tuna mata shekarunta ashirin da takwas, ta tuna mata ƙannenta biyu da ke bayanta, su ma wata rana za a zo bincike a kansu.

"Ki zubar da duron nan, Rumaisa. Don Allah ki zubar, mu huta."

"Umma, in na zubar ai na amsa ke nan. Kafin in fara sai da na je na tambayi malaminmu na Islamiyya, ke kika raka ni."

"Na sani, 'yar nan. Ni na sani. Amma ni kaɗai na sani, ni kuwa ba ni zan aure ki ba." Ta ajiye carbin. "Shekaranjiya na je gaisuwar rasuwa. Ina zama, matan da ke kan tabarmar suka riƙa tashi da ɗaiɗai, wannan za ta yi alwala, wannan ta hango 'yar'uwarta. Ni kaɗai na rage a kan tabarma mai ɗaukar mutum goma. Shekarata talatin da biyu a garin nan."

Rumaisa'u ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta ta yi kukan da ta kwana tara tana haɗiyewa. Umma tana shafa mata kai, ita ma tana yi, amma ba wadda ta janye maganarta.

An idar da la'asar ke nan wayar ta yi ƙara. Sai da ta duba sunan sau biyu, Babakura ne.

"Ina ƙofar gida," abin da ya ce ke nan.

Sau uku ta wanke hannu da sabulu. Ta yafa mayafi, ta cire, ta sake wani. Duk maganganun da ta tanada na fushi suka bi iska, ba abin da take so sai ta gan shi.

Bai shiga zaure ba kamar yadda ya saba, a bakin dakali ya tsaya. Ya rame, hularsa ma kamar ta yi masa yawa. A tsallaken layi maza huɗu suna zaune a benci gaban shagon mai kayan masarufi, suna ganinta suka gyara zama.

Suka gaisa kamar baƙi. Ya tambayi Umma, ta ce tana lafiya. Sai ya ɗago ya dube ta.

"Na san khal ne, Rumaisa. Ni na kafa solar rumfar nan, na fi kowa sanin abin da ke cikinta. Wallahi ban zarge ki ba ko na minti ɗaya."

Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa. Abin da ta kwana tara tana jiran ji ke nan.

"To me ya hana ka kira?"

Ya ce kunya ce, ba ya son ya kira ba shi da abin faɗa. Ya ce kwana taran nan a ƙofar ɗakin Ya Kellu ya yi su, ya bi dattawan dangi ɗaya bayan ɗaya, shagonsa ma a rufe yake. Jiya dai ta sauko. Ta yarda a kawo goro ranar Alhamis.

Rumaisa'u ta rufe baki da mayafi, hawaye da dariya suka haɗu mata. Sai ta lura shi ba ya dariyar.

"Akwai sharaɗi," ya ce yana kallon takalminsa. "Ta riga ta faɗa a gaban dangi duka, har ta rantse da abin da hancinta ya ji. Ya Kellu ba ta taɓa janye magana ba, ba kuma wanda ya isa ya sa ta. Dattawa suka ce hanya ɗaya ce. Gobe ki je ke da Umma, matan gidanmu za su taru. Ki durƙusa ki ce kin tuba, sharrin shaiɗan ne da na matar nan, kin kore ta, kin rufe sana'ar. Ita kuma ta ce ta yafe. Shi ke nan, abin da bai fi minti biyar ba."

"In tuba daga me?"

"Maganar baki ce kawai. Ni na san gaskiya, Allah ma ya sani."

"Babakura, in na faɗi haka a gaban mata talatin, har in koma ga Allah ni ce wadda ta taɓa dafa giya. 'Ya'yan da zan haifa maka da shi za a yi musu gori. Ƙannena su shiga uku. Phebe kuwa ko wanke-wanke ba wanda zai sake ba ta a garin nan."

"Zan riƙe ki, ba abin da za ki rasa. Me za ki yi da abarba a gidana? Dubi hannunki fa."

Ta tura hannun cikin mayafi. "A haka ka gan shi ka ce kana so."

"Ina so har gobe." Hawaye suka zubo masa, bai ko goge ba. "Amma matar nan ita ta goye ni ranar da aka binne uwata. Ba zan iya tsayawa a gabanta in ce ta yi ƙarya ba."

"Ban ce ka ce ta yi ƙarya ba. Ka ce ta yi kuskure."

"A wurinta duk ɗaya ne."

Wani mai Keke Napep ya wuce yana hon. Ta tsaya tana kallon mutumin nan da take so fiye da yadda ta taɓa faɗa masa, ta ga ba mugu ba ne, ba kuma maƙaryaci ba ne a saninta, tsoro ne kawai ya cika masa ciki. Tausayinsa ya kama ta. Ta ce ya jira ta.

Ta shiga rumfa ta buɗe firiza. Gorunan lemo suna nan jere har baki, ba wanda ya taɓa su. Ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki kofin gilashi na baƙi, ta fito. A gabansa ta ɓalle murfin ta tsiyaya har ya cika.

"Ban ce ka yi faɗa da kowa ba," ta ce a hankali. "Abu ɗaya zan roƙe ka. Ga mutane can suna kallonmu. Kwana tara ba wanda ya sha abin hannuna a unguwar nan. Ka sha a gabansu. In ka sha, na san ba ni kaɗai ba ce, sai mu nemi wata hanyar tare, ko shekara nawa za ta ɗauke mu zan jira."

Ya karɓa. Sanyin kofin yana tsattsafowa a yatsunsa. Ya waiwaya tsallaken layi, mazan nan huɗu sun yi tsit, har mai shagon ya leƙo da kansa. Ya san kafin a kira magariba labarin ya isa kunnen Ya Kellu, ita ma ta san ya sani.

Ya ɗaga kofin ya kai shi daidai haɓa. Ta zuba masa ido.

Sai ya sunkuya a hankali ya ajiye shi a kan dakali, ko ɗigo bai zube ba.

"Azumi nake yi," ya ce da wata murya da ƙyar ta ji.

Ta dubi bakinsa. Jan goron da ya tauna a hanya yana nan a leɓensa, ko bushewa bai yi ba.

"Allah ya karɓi ibada," in ji Rumaisa'u.

Ta sunkuya ta ɗauki kofin, ta juya ta fuskanci layin, ta shanye shi tas a tsaye, ita kaɗai.